“Tunnel”, “Subway” da 'Yan'uwansu: Sunayen Hanyoyin Ƙarƙashin Ƙasa a Turanci

A Hausa, in ƙasa ta buɗe baki har mutum ko dabba ko ruwa zai iya shiga, kalma biyu ko uku sun ishe mu. Mu ce rami, mu ce kogo, in kuwa abin ya yi tsawo mu ce hanyar ƙarƙashin ƙasa. Turanci yana da kalmomi fiye da goma a wannan fage. Ɗalibi yakan buɗe ƙamus ya tarar an bayyana da dama daga cikinsu kusan iri ɗaya, sai ya ɗauka duk wadda ta zo bakinsa daidai ce. A jarrabawar WAEC da NECO kuwa, a sashen zaɓen kalmar da ta fi dacewa, a irin wannan wuri ne maki yake zubewa. Za a ba ka kalmomi huɗu, dukansu rami ne, amma guda ɗaya ce ta dace da jimlar.

Abin da zai taimake ku shi ne ku san cewa kafin Bature ya raɗa wa rami suna, akwai abubuwan da yake dubawa. Wane ne ya haƙa shi? Me yake bi ta ciki? A kwance yake ko a tsaye, kuma bakinsa nawa? Bayan waɗannan akwai wata tambaya da ba a cika tunawa da ita ba, wato mutumin wace ƙasa ne yake maganar.

Bari mu fara da uwarsu, wato “tunnel”. Hanya ce da aka haƙa da gangan, tana tafiya a kwance ko da ɗan gangare, yawanci kuma bakinta biyu ne: ka shiga ta nan, ka ɓulla ta can. An yi ta domin a ratsa abin da ya tare hanya, ko dutse, ko kogi, ko teku, ko birni mai cunkoso. Kalmar ba ruwanta da abin da ke bi ta ciki. Jirgin ƙasa ne, ko mota, ko masu tafiya a ƙafa, ko ruwa, duk sunan bai canja ba. Saboda haka in kana shakka, ita ce ta fi wuyar ba ka kunya.

Wadda aka fara haƙawa a ƙarƙashin babban kogi mai ɗaukar jirage ita ce ta Kogin Thames a Landan. Wani injiniya mai suna Marc Brunel ya soma aikin a 1825, ba a buɗe ta ba sai 1843. Shekara 18 ke nan, tsawonta kuwa bai cika mita 400 ba. Ƙasar gindin kogi taɓo ce mai laushi, ruwa ya yi ta ɓarkewa ciki, har a 1828 mutum shida suka mutu, ɗan Brunel ɗin da kansa da ƙyar ya tsira. Dabarar da ta ceci aikin ita ce wata garkuwa ta ƙarfe mai ɗakuna 36, kowane ɗaki da mutum ɗaya yana haƙa ɗan wurin da ke gabansa. In an ci gaba kaɗan sai a tura garkuwar, magina kuma suna biye a baya suna jera tubali. Har yanzu jiragen ƙasa suna bi ta cikinta. Ku gwada wannan da wadda ta haɗa Ingila da Faransa ta ƙarƙashin teku. An fara ta a 1988, aka buɗe a 1994, tsawonta ya ɗan ɗara kilomita 50, kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa. Injunan da suka haƙa ta jikokin garkuwar Brunel ne. Wadda ta fi kowace tsawo a hanyoyin jirgin ƙasa masu ratsa duwatsu ita ce ta Gotthard a Suwizalan, kilomita 57, an buɗe ta a 2016.

Kada wani ya zaci wannan hikima da Turawa ta fara. Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna cewa a 2 Sarakuna 20:20 da 2 Tarihi 32:30 an ambaci yadda Sarki Hezekiya ya kawo ruwa cikin Urushalima. Maɓuɓɓugar Gihon a bayan garu take, rundunar Assuriya kuwa tana tafe, birnin da aka kewaye ba ruwa kuwa ba ya daɗewa. Sai aka fafe dutse aka ja ruwan zuwa tafkin Siluwam. Hanyar tana nan har yau, tsawonta kimanin mita 530, baƙi suna ratsa ta da ƙafa cikin ruwa. A 1880 aka ga wani rubutu na Ibrananci a jikin bangonta mai ba da labarin yadda ma'aikata suka haƙo daga gefe biyu, suna jin muryar juna ta cikin dutse, har suka haɗu a tsakiya. Rubutun yana gidan tarihi a Istanbul yanzu. Da Turanci ana kiranta “Hezekiah's Tunnel”, kuma sunan ya dace: mutane ne suka haƙa, a kwance take, bakinta biyu. Ruwa ne ke bi ta ciki, amma wannan bai hana ta sunan ba.

In ba hannun mutum ne ya yi ramin ba, sai a koma ga “cave”, wato kogo. Wurin da Dawuda ya ɓuya a Adullam kogo ne, haka ma na Ogbunike a Jihar Anambra. Tsawo ba ya mai da kogo ya zama tunnel. Na Mammoth a jihar Kentucky ta Amurka an auna fiye da kilomita 600 na hanyoyinsa, duk da haka cave ne, gama ruwa ne ya ci dutsen a hankali. “Cavern” kogo ne babba mai zurfi da duhu, “grotto” kuwa ƙarami ne, sau da yawa an gyara shi an ƙawata, kamar wanda akan gani a harabar majami'un Katolika. Ku kuma lura da “cave in”. Wannan aikatau ne, ma'anarsa ruftawa, kuma an fi jin sa a labarin masu haƙar ma'adinai.

Masu haƙar ma'adinai suna da nasu kalmomi, kuma a wurinsu bambancin batun rai ne. “Shaft” rami ne da ya miƙe ƙasa a tsaye kamar rijiya. Abin da ya raba shi da “well” shi ne manufa: rijiya domin ɗiban ruwa ake haƙa ta, shi kuwa domin mutane su sauka, a fito da kaya, iska kuma ta shiga. “Adit” yana kama da tunnel ƙwarai, gama a kwance yake shiga daga gefen tudu, amma bakinsa ɗaya ne. Ya shiga ya tsaya a inda arzikin yake, bai ɓulla ko'ina ba. Gawayin Inugu, wanda aka gano a yankin Udi a 1909, ta irin waɗannan hanyoyi aka riƙa shiga wurinsa, domin a jikin tuddai yake. Amfanin adit shi ne in an ba shi ɗan gangare zuwa waje, ruwan da ya taru a ciki yakan gangaro da kansa ba sai da famfo ba. Hanyoyin da ke can ciki kuma, masu bin jijiyar ma'adinin, ana ce musu “drift” ko “gallery”. Wannan ta biyun takan ruɗa mutane, domin ita ce kuma sunan ɗakin nuna zane-zane, ita ce sunan benen da ake zama a wasu manyan majami'u. Abin da ya haɗa su duka shi ne dogon wuri siriri da ake bi.

'Yan Filato ba sa bukatar dogon bayani a nan. Manyan kamfanonin kuza yawanci a buɗe suka yi haƙarsu, shi ya sa suka bar kududdufai birjik a kewayen Jos da Bukuru da Barikin Ladi. Irin wannan buɗaɗɗen rami “pit” ne. Amma haƙar da ake kira loto, inda akan sauka a tsaye kamar rijiya sa'an nan a karkata gefe ana bin kuza, ta haɗa shaft da drift ke nan. Haɗarinta yana cikin ma'anar kalmomin: ƙofa ɗaya ce ta shiga da fita da shan iska, in ta rufta ba wata. A 2010, a ƙasar Cile, mutum 33 suka maƙale kusan mita 700 a ƙarƙashin ƙasa sa'ad da hanyar mahaƙarsu ta rufta. Sun yi kwana 69 a ciki. Ba a bi tsohuwar hanya ba wajen ceto su, sabon rami aka huda daga sama, aka riƙa jawo su ɗaya bayan ɗaya cikin wani akwatin ƙarfe siriri. Jaridun Turanci “rescue shaft” suka kira shi. Ɗalibin da ya rubuta tunnel a nan ya kwantar da abin da yake tsaye.

Yanzu sai kalmar da ta fi kowace rikici, wato “subway”. A Amurka ma'anarta jirgin ƙasa na cikin birni mai bin ƙarƙashin ƙasa, kamar na New York da aka buɗe a 1904. A Ingila kuwa ma'anarta 'yar gajeriyar hanya da masu tafiya a ƙafa suke bi ta ƙarƙashin titi su ƙetare zuwa ɗaya gefen. Ba'amurke ya sauka a Landan, ya ga allo an rubuta subway, ya gangara da murna yana neman jirgi, sai ya ga kansa a ƙetaren titi, ba jirgi ba dalilinsa. Mutumin Landan “Underground” yake kiran jirginsa, ko “Tube”. Sashen farko an buɗe shi ranar 10 ga Janairu, 1863, tsakanin Paddington da Farringdon, shi ne kuma na farko a duniya. A lokacin tone titi aka yi, aka shimfiɗa dogo, aka rufe, jiragen kuma masu hayaƙi ne, sai ku yi tunanin halin da fasinjoji suke ciki. A 1890 aka buɗe layi mai zurfi na lantarki wanda ramukansa zagayayyu ne kamar bututu, daga nan sunan Tube ya samo asali. A Paris, inda aka buɗe nasu a 1900, “Metro” ake cewa, wannan suna kuwa shi ya fi bazuwa a duniya. Na Alƙahira, wanda shi ne na farko a Afirka, a 1987 aka buɗe shi, shi ma Metro ne.

Sai dai Turanci ba ya rasa ɗan tawaye. Birnin Glasgow a Birtaniya yake, amma jirginsa na ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1896, Subway ake kiransa. Akwai kuma shagunan sayar da burodi mai haɗi masu suna Subway a ƙasashe da yawa, wanda ya bi wannan allo abinci zai tarar. Mu da muke bin Turancin Ingila a makarantunmu, a ganina ya fi kyau ɗalibi ya riƙe ma'anar Ingila a rubutunsa na jarrabawa, ya kuma san ta Amurka domin littattafai da finafinai. Ku lura kuma cewa Underground da Metro sunan tsarin gaba ɗaya ne, da jirage da tashoshi da ma'aikata. Ramin da jirgin yake bi shi kansa tunnel ne. Ma fiye da rabin layin Underground na Landan a sarari yake tafiya, ba a ƙarƙashin ƙasa ba.

“Underpass” ba ta da wannan rikici. Hanya ce da ta nutse ta wuce ƙarƙashin wata hanya ko layin dogo, ta sake fitowa nan kusa. Mutanen Kano sun riga sun yi mata suna mai kyau, gadar ƙasa, kamar ta Kabuga da ta Gadon Ƙaya. Kishiyarta gadar sama, “flyover” a Ingila da Nijeriya, “overpass” a Amurka. Abin da ya raba underpass da tunnel shi ne tsawo da abin da ke bisa kanka. In hanya guda ce kawai a samanka, kana kuma hango hasken ɗaya bakin tun daga shiga, underpass ce.

Wata kalma da muka ara tun tuni har ta zama tamu ita ce kwalbati, daga “culvert”. Ramin ruwa ne da ke ratsa ƙarƙashin hanya daga wannan gefe zuwa wancan, da bututun siminti ko ginin akwati. Dalibai sukan haɗa ta da “gutter” da “drain”. Gutter ita ce kwatar da ke bin gefen titi a tsaye da shi, drain kuwa kowace irin magudana ce, a buɗe ko a rufe. Kwalbati ita kaɗai ce take gicciye hanya ta ƙasa. Tsakaninta da gada ma akwai iyaka. A Amurka hukumar manyan hanyoyi ta sa ma'auni: in faɗin buɗin ya wuce ƙafa 20, wato kimanin mita 6, gada ce. Wannan bambanci yana da amfani har a ƙauyukanmu. Yawancinku wata rana ku ne za ku rubuta wa ƙungiyar ci gaban garinku takarda zuwa ƙaramar hukuma. In rafin da ke raba ku da kasuwa da asibiti kowace damina babba ne, kuka rubuta culvert, za a iya kawo muku bututu biyu a binne, ruwan Agusta ya zo ya tafi da su da hanyar gaba ɗaya, a takarda kuwa an ba ku abin da kuka roƙa. In kuma ƙaramar kwalbati ce za ta wadatar kuka rubuta “bridge”, sai a duba kuɗin a ce babu, takardar ta kwanta a cikin fayil.

Ruwan ƙazanta kuma da tasa hanya, “sewer”. Nan akwai 'yan'uwa uku da ya kamata a rarrabe. Sewer shi ne bututun ko ramin, “sewage” ita ce ƙazantar da ke gudu a ciki, “sewerage” kuwa shi ne tsarin duka. Landan ta koyi darajarsa da wahala. A bazarar 1858 Kogin Thames, wanda a cikinsa ake zubar da ƙazantar birnin, ya yi ɗoyin da ya kai ga 'yan majalisa suka kasa zama a ɗakunan da ke gefen kogin. Kafin wannan, kwalara ta sha kashe dubban mutane, amma sai da warin ya shiga hancin manya aka saki kuɗi. Injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan ramuka na tubali suka kwashe ƙazantar zuwa gabashin birni, kuma ana amfani da su har yanzu. Wajen furuci, a ce “suwa”. In ka ce “sowa” ka koma kan mai ɗinki, gama rubutun kalmomin biyu iri ɗaya ne. Murfin ƙarfen da ake gani a tsakiyar titi, inda ma'aikaci yake sauka ya duba, shi ne “manhole”, ƙaramin shaft ke nan.

Akwai kuma hanyoyin da aka haƙa domin matattu. “Catacombs” dogayen hanyoyi ne masu rassa, an fafe bangonsu hawa hawa ana sa gawawwaki. Waɗanda suka fi suna su ne na bayan birnin Roma, inda Kiristoci da Yahudawa suka riƙa binne mutanensu tun daga ƙarni na 2. Dutsen wurin mai laushi ne lokacin haƙa, yana ƙara tauri in ya sha iska. An sha faɗa cewa Kiristoci a ciki suka zauna suna ɓuya a zamanin tsanani, amma masana tarihi sun nuna cewa makabarta ce da hukuma ta san da ita, akan dai taru a can domin jana'iza da tunawa da shahidai. Na Paris kuwa tsofaffin ramukan fasa dutse ne, daga 1786 aka fara kwashe ƙasusuwa daga makabartun birnin da suka cika ana jibgewa a ciki, na mutum wajen miliyan 6. Kalmar kusan kullum da jam'i take zuwa. In ɗaki guda ne a ƙarƙashin ginin majami'a, sunansa “crypt”.

Dabbobi ba a bar su a baya ba. Ramin gafiya ko na kurege “burrow” ne, garin ramukan zomaye masu haɗe da juna kuma “warren”. A kula kada a rubuta “borrow”, wato aro, kuskuren da masu duba takardu suke gani kowace shekara. Haka nan akwai kalmomi uku da kunne yake haɗa su da tunnel alhali ba dangi ba ne a ma'ana. “Funnel” mazurari ne, irin na mai sayar da kananzir. “Canal” hanyar ruwa ce da mutum ya haƙa amma a buɗe take tana kallon sama, kamar ta Suwez da aka buɗe a 1869. “Channel” kuwa mashigin ruwa ne, sau da yawa na halitta, kamar tekun da ya raba Ingila da Faransa. Shi ya sa hanyar da muka ambata ɗazu ake kiranta “Channel Tunnel”: kalmar farko ruwan da ke sama, ta biyu ramin da ke ƙasa.

'Yan ajin tarihi kuma za su gamu da “Underground Railroad” a labarin bayi na Amurka. Kada ku nemi rami ko dogo a cikinta, babu ko ɗaya. Kalmar underground tana kuma nufin abin da ake yi a asirce, a ɓoye wa hukuma. Wannan suna ne na jerin gidaje da mutane, baƙaƙe da farare, waɗanda a ƙarni na 19 suka riƙa ɓoye bayin da suka gudu daga jihohin kudu, suna miƙa su daga hannu zuwa hannu har jihohin arewa ko Kanada. Sun ari kalmomin reluwe ne domin su ɓad da sawu: gidan da ake kwana tasha, mai jagora kwandasta, waɗanda suka gudu kuwa fasinjoji. Harriet Tubman, wadda ita kanta ta tsere daga bauta a jihar Maryland a 1849, ta yi ta komawa kudu tana fito da 'yan'uwanta da wasu, yawancin tafiyar kuwa da ƙafa aka yi ta, cikin dare, a bisa doron ƙasa.